Daren da Na Taɓa Kuɗin Amana

Sana'ata POS ce. Ina da 'yar rumfar kwano a Jekadafari, cikin garin Gombe, inda nake cire wa mutane kuɗi, in tura musu, in sayar da katin waya da data, a gefe guda kuma ga allon cajin waya. Yayana, wanda muke kira Hamma kamar yadda aka saba a gidajen Gombe, shi ya kafa ni a 2021. Ya sayi na'urar, ya biya mai walda, ya damƙa min naira dubu 300 na jari, ya ce: "Ga shi, ka riƙe kanka, ka riƙe iyalinka." Ina da mata da 'ya ɗaya a lokacin. Na fara da wannan ne don a san ba yunwa ce ta kai ni caca ba. Ina da abin yi, asirina a rufe yake, kuma tun ina makarantar allo na san caca haramun ce.

Ƙwallo ce ƙofar da ta shigo min. Tun ina yaro nake son ta, na sha tafiya a ƙasa zuwa filin wasa na Pantami don kallon Gombe United. A gasar cin kofin duniya ta Katar, ƙarshen 2022, ranar da Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2-1, ina gidan kallo na unguwarmu. Da hantsi aka buga wasan, amma ɗakin a cike yake maƙil. Da aka tashi sai na ga rabin mutanen sun dafe kai, wai Ajantina ta yanke musu tikitin caca. Wani yaro mai gyaran babur shi kaɗai yake tsalle. Naira 500 ya sa wa Saudiyya, ba don wani lissafi ba, don dai ƙasa mai tsarki ce, sai ga ta ta haifa masa dubbai. Ya riƙa zagayawa yana nuna mana fuskar wayarsa. Kowa ya leƙa ya wuce. Ni na daɗe ina kallo.

Shi ya buɗe min asusun caca bayan 'yan kwanaki, a bakin rumfata, cikin abin da bai kai minti biyar ba. Lambar waya, sai ka danna cewa ka haura shekara 18, sai ka tura kuɗi. Shi ke nan. Da a ce sai na shiga shagon caca da ƙafata, a garin da kowa ya san gidanmu, ya san surukaina, wallahi da ban je ba. Kunya ce take tsare mutum a inda imaninsa ya yi rauni, waya kuwa ta cire kunyar daga lissafi. Kana zaune a masallaci kana jiran a tayar da iƙama, gidan cacar yana cikin aljihunka.

Naira dubu ɗaya na fara sawa, ranar da Maroko ta fitar da Fotugal da ci 1-0. Ta dawo min sama da dubu biyar. Har yau ina cewa da ma na faɗi a wannan rana. Na sayi tsire na kai gida, matata ta yi godiya, ta sa albarka, ni kuma na zauna ina jin cewa sanin ƙwallon da na tara shekara da shekaru yau ya fara biya na.

Sai ga wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya. Duk wanda ya yi POS a watan Fabrairun shekarar ya san yadda aka yi: layi tun daga bakin rumfa har titi, mutane suna roƙon ko dubu biyu ce a ba su. Na samu alheri a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma duk abin da na samu a waya yake, lamba ce kawai a kan gilashi. Idan ka zaro dubu biyar daga aljihu ka miƙa wa wani, hannunka yana jin ta fita. Idan ka danna ta a waya, babu abin da kake ji. Daga dubu ɗaya a mako na koma dubu biyu a rana, ban ma lura da ranar da hakan ta faru ba. Bayan an cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, kaya suka yi tashin gwauron zabi, sai na samu sabon uzuri: ai kuɗin cefane nake nema wa ƙari.

Da gasannin Turai suka tafi hutu na zaci zan huta ni ma. Ashe kamfanonin cacar sun tanadi abin da ya fi muni. Akwai ƙwallon da kwamfuta ke bugawa da kanta, a fara a gama cikin 'yan mintuna, dare da rana. Akwai kuma wasan jirgi, wanda shi ne ya ƙarasa ni. Ɗan jirgi ne yake tashi a fuskar waya, lamba tana hawa tare da shi, 1.2, 1.5, 2, 3, kuɗinka yana ninkuwa a gaban idonka, sai ka danna ka karɓa kafin jirgin ya ɓace. In ya ɓace kafin ka danna, kuɗin sun tafi. Zagaye ɗaya 'yan daƙiƙoƙi ne, na gaba kuma yana biye da shi nan take. Wasan ƙwallo na gaske ko ba komai yana ba ka minti casa'in, zuciyarka ta huce, wataƙila a kira sallah, wataƙila wani ya yi maka magana hankalinka ya dawo. Wannan ba ya barin ko numfashi tsakanin asara da ramuwa.

Kada a ce ban yi ƙoƙarin kama kaina ba. Na yi, kuma da gaske na yi. A bangon littafin da nake rubuta cinikin rana na rubuta wa kaina doka uku: ba zan wuce dubu ɗaya a rana ba, ba zan buga bayan isha'i ba, ba zan taɓa jari ba. Kwana tara na yi a kai. Ranar ta goma wasa ɗaya ya yanke min tikitin wasa goma sha biyu, a mintin ƙarshe, sai na ce yau dai ta daban ce, bari in dawo da dubu ɗayar kawai in kwanta. A shafin cacar ma akwai wurin da mutum zai sa wa kansa iyakar abin da zai zuba a rana. Na sa. Daren da na cika iyakar da ƙarfe tara, kafin tara da kwata na buɗe sabon asusu a wani kamfanin. Ƙofar da makullinta ke hannunka ba ta tsare ka daga komai.

Akwai wani malamin lissafi na sakandare da yake cirar albashinsa a wurina. Wata rana ya hango fuskar wayata kafin in kife ta. Bai yi min wa'azi ba. Ya karɓi 'yar takardar da na'ura ta fitar masa, ya juya bayanta, ya ari birona. Ya ce, a ce ƙungiya biyu ƙarfinsu ɗaya, ko wannan ta ci ko waccan. Ni na sa wa ɗaya dubu ɗaya, kai ka sa wa ɗayar dubu ɗaya. Adalci shi ne wanda ya ci ya ɗauki dubu biyu. Amma su 1.90 za su rubuta wa kowane ɓangare, wanda ya ci ya karɓi 1,900. Ɗari ɗayar da ta rage fa? Tasu ce, ko wa ya ci. "Mai kamfanin nan," in ji shi, "ba ya buƙatar sanin ƙwallo. Kai ne kake buƙata, kuma ko ka sani ba ta isar maka ba." Sai ya koma kan dogon tikiti. Ya ce mu ɗauka kai gwani ne, duk wasa goma kana cankar takwas daidai. In ka jera wasa goma a tikiti ɗaya, damar su shigo gaba ɗaya kusan sau ɗaya ce cikin goma. Damar a ce ɗaya tak ya yanke kuwa ta ninka wannan fiye da sau biyu. Wato abin nan da muke cewa "saura ƙiris, wasa ɗaya ne ya ɓata min", wanda yake hana mu barci ya sa mu sake bugawa, ba rashin sa'a ba ne. Haka lissafin yake tun asali.

Na fahimci duk abin da ya faɗa. Na ninke takardar na sa a aljihu. A daren kuma na buga. Wannan shi ne abin da wanda bai taɓa shiga ba yake kasa ganewa: ba rashin sani ne yake riƙe mutum ba. Akwai wani abu da yake tasowa daga ƙirji, kamar ƙishirwa, hannu ya riga hankali isa waya.

Zuwa farkon 2024 jarin da ya taɓa haura dubu 400 ya dawo ƙasa da dubu 90. Na ci bashin wata manhajar ba da rance dubu 70, suna kira safe da yamma, suna barazanar tura saƙo ga duk lambobin da ke wayata. Mai zuwa cirar dubu hamsin sai in ce masa babu netuwok, alhali kuɗin ne babu. Na zama mai saurin fushi a gida. 'Yata ta zo tana min wasa, in daka mata tsawa don jirgi yana sama.

Muna da wani maƙwabci dattijo, ɗan kasuwar hatsi a Tudun Hatsi, masara da wake yake saye yana sayarwa. Alhaji ya san ni tun ina yawo ba wando. Yakan kawo min kuɗi da yamma ya ce in ajiye, da safe in mutanensa na ƙauye sun auna kaya zai faɗa min wanda zan tura wa. Bai taɓa neman in rubuta masa komai ba. Ranar Lahadi 11 ga Fabrairu, 2024, bayan la'asar, ya kawo dubu 400 a baƙar leda. Kafin isha'i masu cirar kuɗi sun kwashe tsabar, kuɗin Alhaji sun koma lamba a cikin wayata. A daren ne Najeriya za ta buga wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kwaddebuwa a Abijan.

Ga abin da na faɗa wa kaina, ina tuna shi kalma da kalma. Mun riga mun doke su 1-0 a zagayen rukuni. Aro zan yi na awa biyu, ba sata ba. In Najeriya ta ci, zan mayar wa Alhaji nasa, in biya masu rance, in cike jari, in goge manhajar har abada. Da ƙarfe tara saura na sa dubu 200.

Troost-Ekong na Najeriya ya zura ƙwallo da ka kafin hutun rabin lokaci. Gidan kallo ya kaure da ihu, aka yi ta kifar da benci. Na duba waya, sai ga tayi: in karɓi dubu 300 da 'yan kai yanzu in fita. Babban yatsana yana kan wurin. Na rantse da Allah na ji wata murya a raina tana cewa karɓi ka tashi ka tafi gida. Sai na lissafa na ga abin da zan samu in na jira ya fi haka, kuma shi ne zai rufe ramin duka. Na mayar da wayar aljihu. Kessié na Kwaddebuwa ya farke bayan an dawo, Haller ya ƙara ta biyu saura kamar minti goma a tashi. Mutane suna baƙin cikin kofi, ni ban ma san an watse ba.

Ban tafi gida ba. Na buɗe rumfata, na shiga, na ja ƙofar kwanon, na zauna a ƙasa cikin duhu da sanyin hunturu. Na buɗe wasan jirgi da sauran dubu 200. Dubu goma, dubu ashirin, dubu hamsin. Akwai lokacin da na haura har kuɗin suka kusa dubu 330, saura kaɗan su cika na Alhaji, na ce in sun cika zan tsaya. Ban ga wannan adadin ba kuma. Da ladan ya ce "Assalatu khairun minan naum", abin da ya rage a asusuna naira dubu 11 ne da ɗari shida. Ƙafafuna sun sage, wayar ta yi zafi a tafin hannuna, bakina ya bushe kamar mai azumi.

Da ƙarfe takwas Alhaji ya zo, ya naɗe wuyansa da rawani saboda hazo, da 'yar takarda mai lambobin asusu biyu. Na dube shi na ce netuwok ne ba kyau. Ya ce: "To, Allah ya kawo shi. Bari in je kasuwa in dawo." Ya juya yana tafiya a hankali. Asarar kuɗin ba ta karya ni kamar yadda wannan yardar ta karya ni ba.

Na rufe rumfa na tafi shagon Hamma na kayan gini. Na tsuguna a gabansa tsakanin buhunan siminti na faɗa masa komai. Bai ɗaga murya ba. Tambaya biyu ya yi: "Nawa ne?" da "Tun yaushe?" Sannan ya ɗauki makullin babur ya ce in hau. Na ce: "Hamma, don Allah kai ka faɗa masa." Ya ce: "Ni na ci? Bakin da ya ce netuwok shi zai faɗi gaskiya." A gaban rumfar Alhaji, mutane suna ta auna masara, na faɗa. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce: "Yaro, da ka ce min ɓarayi ne suka tare ka, da na yarda, da kuma ka haɗu da abin a gaban Allah. Gara da ka zo." Hamma ya tura rabin kuɗin a take. Aka sayar da babur ɗina a makon aka cika sauran, aka biya masu rance.

Matata ce ta ƙarshe da na faɗa wa, ita ce kuma ta fi cancantar ta fara ji. Ta saurara har na gama. Ta ce: "Abban Ummi, wata nawa ina ganin hasken waya a ƙarƙashin bargo. Ina tashin ka asuba kana cewa ka ji. Na zaci wata ce, na zaci aure za ka ƙara, na yi ta addu'a Allah ya ba ni haƙuri." Ta yi kuka. Shekara guda tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana dafa min abinci, tana gaishe ni.

Azumi ya kama bayan wata ɗaya. A wurin tafsiri malam ya iso aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida, inda Allah ya haɗa giya da caca ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya ce abin da Shaiɗan yake so shi ne ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku ta hanyarsu, ya kange ku daga ambaton Allah da sallah. Na san ayar tun ina yaro. Amma ranar sai na ji kamar ana karanta min littafin cinikina: tsawar da na yi wa 'yata, asubahin da na rasa, ƙaryar da na yi wa dattijo. Ayar ta ƙare da tambaya: shin za ku hanu?

Na tuba, amma na riga na ga inda alkawarin da na yi wa kaina ni kaɗai yake ƙarewa. Don haka wannan karon ban dogara da ƙarfin zuciyata ba. Hamma ya mayar da asusun jari yadda duk kuɗin da ya shiga ko ya fita sai saƙo ya je wayarsa. Kullum bayan magariba ina kai masa littafi mu daidaita ciniki, ko naira ɗari ce ta ɓace sai na faɗi inda ta je. Da farko abin ya yi min ciwo, magidanci da 'ya ana bin sa da lissafi kamar yaron shago. Yanzu shi ne lokacin da na fi samun natsuwa a yini. Babbar wayar tana kwana a hannun matata, ni ina kwana da ƙarama mai tocila. Na rubuta wa kamfanonin uku da nake da asusu cewa su rufe, na goge manhajojin, na fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram da ake raba tikiti ana cewa wannan tabbas ne. Saƙonnin garaɓasa sun ci gaba da shigowa wata da watanni, wai an ba ni kyauta in dawo in karɓa. Matata ce take goge su. Gidan kallo kuwa na yi wata shida ban taka ba, don can ba maganar da ake yi sai ta tikiti. Na yi kewar ƙwallo ƙwarai.

Na faɗi sau ɗaya. A watan Agusta, makon da aka dawo gasar Firimiya, wani ya bar wayarsa a caji, muka yi hira, na miƙa masa dubu biyu daga aljihuna na ce ya buga min. Kafin a tashi wasan na ji ƙishirwar nan ta dawo da ƙarfinta kamar ba ta taɓa tafiya ba. A daren na faɗa wa matata, washegari na faɗa wa Hamma. Ban tambayi mutumin ko tikitin ya ci ba, har yau ban sani ba. Abin da na lura shi ne, idan abin ya taso kuma babu hanya a kusa, ba ya daɗewa. In na tashi na yi alwala, ko na taka zuwa wurin mai shayi na dawo, kafin rabin awa ya lafa. Duk asarar da na yi a baya, a cikin wannan rabin awar na yi ta.

A ƙarshen 2024 na ji a rediyo Hisbar Kano tana rufe shagunan caca. Na yi murna, amma na san nawa gidan cacar ba shi da ƙofar da za a garƙame. Yara suna zuwa rumfata, wasu da kayan makaranta a jikinsu, su miƙo ɗari biyar su ce in zuba musu a asusu. A da ina yi, in karɓi ladana. Yanzu ba na yi. Wasu su yi tsaki su wuce rumfar gaba. Wanda ya tsaya, ina zaro takardar malamin lissafi, tana nan a cikin littafina duk da rubutun ya fara dusashewa, in nuna masa inda ɗari ɗayar take tafiya, in kuma ba shi labarin daren Lahadin nan ba tare da na rage komai ba.

Alhaji ya yi wata takwas bai kawo min ko sisi ba, gaisuwa dai ba ta yanke ba. Wata ranar Laraba bayan la'asar sai ga shi da baƙar leda. Na miƙe tsaye. Na ce: "Alhaji, in dai za a tura, a ba ni lambar in tura yanzu a gabanka. In kuma sai da safe ne, a kai wa Hamma ya ajiye." Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya zauna a benci ya kira mutanensa suka ba da lambar. Bai tashi ba sai da suka ce sun ga kuɗi. Haka muke yi har yanzu. Daga bashin Hamma kuma saura dubu 45, ina biyan dubu 15 duk ƙarshen wata.